Kolibri ba ya zuwa Maraɗi, amma sha-kauci yana nan: jawabi a kan shuka itatuwan ƙasarmu a tsakar gida

An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan itace da tsuntsu. Na san wasunku sun ce a ransu: ana fama da tsadar hatsi da rashin aikin yi, shi kuma wannan ya zo mana da zancen tsuntsu. To ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama sai ku yanke hukunci.

Zan fara da tambaya. Wa ya taɓa ganin bidiyon wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai dogon baki, yana tsaye cak cikin iska a gaban fure, fukafukansa ba a ma ganinsu don sauri? Na ga hannuwa da yawa. A salula kuka gan shi, ko ba haka ba? Waɗanda suka yi lekol sun san shi da sunan kolibri, kuma duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiya ya ji tatsuniyarsa: daji ya kama da wuta, dabbobi suna kallo, shi yana ɗebo ruwa ɗigo-ɗigo da bakinsa. Mun sha jin ta har mun hardace. Amma babu ko mutum ɗaya a nan da ya taɓa ganin kolibri a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai. Ba za ku gan shi ba kuwa, don babu shi a Afirka gaba ɗaya. Tsuntsun nahiyar Amurka ne, daga Alaska a arewa har ƙarshen Ajantina da Chile a kudu.

Bari in ɗan ba ku labarinsa, don akwai abin ɗauka a ciki. Kolibri ya kai iri 360 ko kusa da haka. Mafi ƙanƙanta a cikinsu yana ƙasar Kuba, nauyinsa wajen giram 2, shi ne ƙaramin tsuntsun duniya. Akwai wani mai jan wuya da ke yin bazara a gabashin Amurka da Kanada, nauyinsa wajen giram 3, wato nauyin dala ɗaya ta ƙarfe. Idan sanyi ya gabato sai ya yi ƙaura zuwa Meziko da Amurka ta tsakiya, wasu ma su ƙetare tekun Meziko a tashi ɗaya, kilomita wajen 800 ba wurin sauka. Wannan ya fi tafiyar Yamai zuwa Maraɗi. Yana kaɗa fukafukai sama da sau 50 a daƙiƙa ɗaya, yana tashi gaba, yana tashi baya.

Mutanen can suna son ganinsa a bayan gidajensu. Da yawa suna rataya kwalbar ruwan sukari, awo ɗaya na sukari, awo huɗu na ruwa, tsuntsun ya zo ya sha. Amma masu lura a cikinsu sun gano cewa ruwan sukari kaɗai ba ya riƙe tsuntsu a wuri. Ruwan fure da ruwan sukari ƙarfin tashi kawai suke ba uwa. Ƴaƴan da ke cikin sheƙa nama suke buƙata kafin su yi gashi: ƙananan ƙwari, tsutsar ganye, gizo-gizo. Ita kanta sheƙar kolibri da saƙar gizo-gizo ake ɗaure ta. Gidan da babu ƙwari, tsuntsu zai leƙo ya sha ya wuce, ba zai yi ƙwai ba.

To ina ƙwari suke samuwa? Nan ne wani malamin jami'ar Delaware mai nazarin ƙwari, Douglas Tallamy, ya shigo. A shekarar 2007 ya fitar da littafi a kan wannan magana, kuma abin da ya nuna mai sauƙin ganewa ne. Kowane itace yana da ɗaci ko guba a ganyensa don kare kansa. Yawancin ƙwarin da ke cin ganye ba su iya cin kowane ganye, sai wanda kakanninsu suka saba da shi shekaru dubbai. Idan ka kawo itace daga wata nahiya ka dasa, ga ƙwarin wurin tamkar ka dasa roba ne. A yankinsu ya ƙirga cewa itacen oak, wanda ɗan ƙasa ne a can, yana ciyar da tsutsar ganye sama da iri 500, wani itacen ado kuma da aka kawo daga Sin bai ciyar da ko iri goma ba. Akwai wani ɗan tsuntsu da suke kira cikadi, wanda kafin ya yaye ƴaƴan sheƙa ɗaya sai ya kawo musu tsutsa tsakanin 6,000 da 9,000. A 2018 ɗalibarsa Desirée Narango ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a gidajen birnin Washinton da kewayensa: inda itatuwan waje suka haura kashi 30 cikin 100 na tsirran gida, tsuntsun nan ba ya samun ƴaƴan da za su maye gurbin waɗanda suka mutu. Shekara guda bayan haka, a 2019, wani babban bincike ya nuna Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan miliyar 3 tun daga 1970. Shi ya sa yau a can za ka ga mutum yana tuge ciyawar ado a ƙofar gidansa yana maye ta da furannin dajin yankinsa.

Ku lura da kyau: darasin bai ce mu yi odar irin furanninsu ba. Furen da yake ɗan ƙasa a Washinton, baƙo ne a Zariya 2 ko Birni ko Talaje. Abin da suka gano shi ne kowa ya dubi abin da ƙasarsa ke tsirowa da kanta. Mu ma muna da namu tsuntsun mai shan fure.

Sunansa sha-kauci. Waɗanda suka tashi a ƙauye sun san shi. Ɗan ƙarami ne, bakinsa siriri mai ɗan lanƙwasa, ba ya zama wuri ɗaya. Namijin wani iri daga cikinsu kore ne shar mai walƙiya kamar an shafa masa mai, da jan tabo a ƙirji, rawaya gefe da gefe, ga dogayen gashin wutsiya guda biyu. Wani irin kuma cikinsa rawaya ne gaba ɗaya, ya fi son furen ƙaya. Macen ba ta da ado, launin ƙasa-ƙasa gare ta. Ba dangin kolibri ba ne, sana'arsu ce ta zo ɗaya. Bambancinsu, sha-kauci ya fi son ya sauka a reshe ya sha a natse. Sheƙarsa kamar ƴar jaka take, tana reto a bakin reshe, an saƙa ta da ciyawa da audugar tsirrai da saƙar gizo-gizo. Shi ma da ƙwari yake ciyar da ƴaƴansa.

Kakanninmu ba su raɗa masa wannan suna a banza ba. Kun san kauci, tsiron nan da ke fitowa a kan reshen wani itace. Furensa dogo ne siriri kamar tsinken ashana, kuma a rufe yake zama. Sai sha-kauci ya zo ya soka bakinsa, furen ya buɗe farat ɗaya ya watsa masa garin fure a goshi, shi kuma ya kai wa na gaba. Wanda ya sa wa tsuntsun nan suna ya zauna ya kalle shi da kyau. Ilimi ne da ba a rubuta ba, kuma yana tafiya tare da tsofaffinmu.

Yanzu mu dubi garuruwanmu. Ka hau babur ka zaga kowace sabuwar unguwa, me za ka gani? Bedi, bedi, bedi, wanda wasu ke ce wa dogon yaro. Sai turare nan da can, sai furen bugambiliya a kan katangar masu hali. Bedi daga Indiya aka kawo shi zamanin Turawa, turare daga Ostireliya, bugambiliya daga Amurka ta kudu. Kada wani ya fita ya ce na zagi bedi. Bedi ya yi mana rana: yana girma da sauri, yana jure fari, awaki ba su dame shi ba, kuma rabin fadojin da muke shan shayi a inuwarsa suke. Zoben itatuwan da aka fara dasawa kewaye da Yamai tun 1965, akasarinsa bedi ne. Jemagu da wasu tsuntsaye suna cin ƴaƴansa. Amma ku tambayi kanku: don me manomi ke daka ƴaƴan bedi ya jiƙa ya fesa wa wakensa? Don ƙwari ba su son shi. Abin da ya sa ya zama maganin ƙwari a gona, shi ne ya sa tsuntsu mai neman tsutsa ba ya samun abin kirki a kansa.

Wannan ba hasashe ba ne. Wasu masu bincike ƴan ƙasar Holan, a ƙarƙashin Leo Zwarts, sun yi shekaru suna yawo a Sahel cikin rani, suna tsayawa gindin itace ɗaya bayan ɗaya suna ƙirga tsuntsayen da ke kai. Sun tarar tsuntsaye masu cin ƙwari sun fi taruwa a kan itatuwa masu ƙaya: gawo, kandili, aduwa da danginsu. A kan bedi da turare kuwa, ɗai-ɗai ne. Kuma da yawa daga cikin ƙananan tsuntsayen da ke kan gawo a watan Janairu, baƙi ne daga Turai, sun ƙetare teku da Sahara sun zo cin rani wurinmu. Gawo ya dace da su don shi ne itacen da ke zubar da ganye da damana, ya yi kore da fure lokacin da sauran daji ya bushe. Ba mamaki da tarihin Damagaram ya riƙe cewa Sarki Tanimun ya kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo.

Ni kaina na yi kuskuren da nake gargaɗinku a kai. Da Allah ya hore mini ƴar parsel a bakin gari, abu na farko da na yi shi ne na biya yara suka share fili. Duk wani kututture, duk wata sabara, duk wata ƙaya, aka tuge aka ƙone. Na ji daɗi, na ce fili ya yi fes. Da aka gama gini na tafi wurin masu sayar da fure a bakin titi na kashe jikka goma sha biyar: furanni masu launi, da ciyawar nan ta ado irin ta gidan manya. Safe da yamma ana ba su ruwa. Kuɗin ruwa ya ninka. Watan Afrilu ya zo, pampo ya ɗauke kwana huɗu, muka koma sayen bido, sai ya zama ko mu sha ko fure ya sha. Duk suka ƙone.

A wannan watan ne na ga wani abu ya tsiro kore a jikin katanga, wurin da babu wanda ya taɓa zuba masa ruwa. Na ɗauko adda. Inna tana zaune a tabarma ta ce mini: "Kai, me za ka yi? Magarya ce. Ta riga ka zuwa gidan nan, saiwarta tana ƙasa tun ba a haife ka ba. Bar mata biyu masu ƙarfi ka yanke sauran." Na bi maganarta, ba don na yarda ba, don kunya. Yau magaryar nan ta fi katanga tsawo. Idan ta yi fure a ƙarshen damana, tun daga ƙofar ɗaki kake jin kukan ƙudan zuma. Da sanyi yara su ci ƴaƴanta. Bara kuma ɗiyata ce ta ja ni da hannu ta nuna mini wata ƴar jaka tana reto a reshe. Sheƙar sha-kauci ce. Jikka goma sha biyar ba ta kawo shi ba, kututturen da na biya a tuge ne ya kawo shi.

Abin da Inna ta koya mini, duniya ta san shi da sunan Maraɗi. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya tsaya a hanya don rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, sai ya lura cewa ƴan kurmin da ke cikin gonaki ba ciyawa ba ne, kututturen itatuwa ne masu rai suna neman tashi. Manoman Maraɗi da Damagaram suka karɓi dabarar, suka haɗa da abin da suka gada, suka mai da ita sassaben zamani: ka zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi, ka yanke sauran, ka kare su. Masu bincike sun kiyasta an farfaɗo da eka ta faransi wajen miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200, ba tare da pepiniyar ba, ba tare da ban ruwa ba. A 2018 an ba Rinaudo babbar lambar yabo a Suwidin tare da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso. Iyayenmu na ƙauye sun yi abin da ake zuwa daga ƙasashe a koya. Mu ƴaƴansu da muka yi lekol, mu ne muke biya a tuge kututture a cikin birni.

To me za a yi? Bari in faɗi abubuwan da kowa zai iya.

Da farko, in kana da fili ko gidanku yana da shi, kafin a share ka zaga da wani dattijo ko wata tsohuwa su faɗa maka sunan kowane tsiro. Abin da bai faɗa cikin gini ba, a bar shi a gyara shi. Tsiron kututture ya fi dashe saurin girma nesa ba kusa ba, don saiwarsa ta riga ta yi nisa.

Na biyu, ka zaɓi itace daidai da girman gidanka. Gawo, kuka, tsamiya, gamji da cediya na filin lekol ne, da masallaci, da bakin kasuwa, da babban titi. Cediya da gamji saiwarsu tana fasa katanga da ramin salga, kada ka kai su ƙaramin gida. A tsakar gida mai faɗin mita 200 ko 300, ga waɗanda suka dace: magarya, aduwa, dirga, kalgo, anza, jiga. Dirga tana yin shinge mai kyau kuma tana daɗewa tana fure. Anza da jiga a kansu ne farin malam-buɗe-littafi ke yin ƙwai, tsutsarsa kuwa abincin tsuntsu ce. Mai son magarya mai manyan ƴaƴa, ya nemi wadda aka yi wa aure, irin wadda cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yaɗa da sunan tuffar Sahel: gindin namu ne, kan ne aka ɗauko daga irin Indiya. Ƴan kudu inda ruwa ya fi yawa, wajen Gaya da Madarunfa, ku gwada minjirya. Reshe ake yanka a kafa ya kama, kuma jan furenta na tsuntsu ne. Sai dai a hana yara wasa da ƙwayarta, tana da guba.

Na uku, kada a tsaya ga itace kaɗai. Daji hawa-hawa ne: akwai na sama, akwai na tsakiya, akwai na ƙasa. Ka bar yaɗiya ta hau katanga, ƙwari su sha furenta, ku ci ganyenta a kwaɗo. Ka dasa tushen gamba biyu ko uku a lungu, baiwar Allah da sauran masu cin tsaba za su zo, kabare ya sami zaren saƙa. Kabar giwa, wadda ƴan birni ke kira alowe, tana fitar da dogon fure da rani, sha-kauci yana son shi ƙwarai, kuma tana rayuwa cikin tsohon bokiti. Wannan na ƴan haya ne da ke cewa ba su da ƙasa. Ko tumfafiya da muke rainawa tana da nata baƙi, a kanta wani jan malam-buɗe-littafi ke girma, sai dai nononta yana cutar ido, a bar ta bayan gida inda yara ba su zuwa. Zogale ba ɗan ƙasa ba ne, asalinsa Indiya, amma muna cin shi kuma sha-kauci yana shan furensa. Ku bar abinku. Ba korar baƙi muke yi ba, so muke ƴan gida su fi yawa.

Na huɗu, iri ba sai an saya ba. Ƙwayar gawo da bagaruwa da dirga tana da tauri: a tafasa ruwa a sauke, a zuba iri a ciki, a bar shi ya kwana ya wuni, ko a ɗan kankare gefensa da wuƙa. Wanda ya fito daga kashin awaki ma ya riga ya sha gyara. Ƙwallon magarya a fasa shi a hankali a ciro ƙwayar ciki. A shuka cikin leda tun watan Afrilu ko Mayu, a dasa idan damana ta zauna, cikin Yuli ko farkon Agusta. Rami ya kai kamu ɗaya zurfi da faɗi, a haɗa ƙasar da taki wanda ya ruɓe. Sai kariya: ba ƙishirwa ke kashe yawancin dashenmu ba, akuya ce. Kwando, ko ƙaya, ko tubali huɗu, ko tsohuwar taya. A shekarar farko, ruwan alwala da na wanke shinkafa ya isa. Daga nan shi zai nemi nasa.

Na biyar, ruwan sha. Cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 43, kaskon ruwa a inuwa ya fi kowane fure jan tsuntsu. Kada ya yi zurfi, gaɓar yatsa biyu ta isa. A sa ƴan duwatsu a ciki don ƙudan zuma su sami wurin sauka. A ɗora shi a sama inda mage ba ta kai ba. A zubar a wanke a sake kowace rana ko bayan kwana biyu. Ita kuwa kwalbar ruwan sukari irin ta bidiyo, ban ba ku shawara ba: a zafinmu kafin yamma ya yi tsami, tururuwa su cika shi.

Na shida, a rage guba da wuta. Piya-piya da muke fesawa ko'ina ba ta san sauro da ƙudan zuma ba. A bar ta inda ta zama dole, kada a kai ta kan itace. Ganyen da ya zuba, maimakon a tara a ƙone hayaƙi ya cika unguwa, a tura shi gindin itace ya riƙe laima ya zama taki. Ƙannenmu masu danƙo kuma, duka ba ya hana su. Ka nuna wa yaro sheƙa, ka ce shi ne mai gadinta, ka ga yadda zai hana abokansa.

Na san akwai tambayoyi a bakinku, bari in riga ku. Maciji fa? Maciji ɓera yake bi, ɓera kuma shara da hatsin da ya zube yake bi. Itacen da aka ɗage wa rassan ƙasa, gindinsa a fili, ba maɓoya ba ne. Ban ce ku mai da gida kurmi ba. Sauro fa? Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, kuma yana buƙatar wajen mako guda kafin ya tashi. Kaskon da ake sakewa kullum ba ya haifar da shi, tsohuwar taya da kwatar ƙofar gida su ne ke yi. Gidan sauro dai kada a fasa shiga. Ƙaya da yara fa? A dasa mai ƙaya a jikin katanga, a yanke rassan ƙasa har su wuce kan mutum, a tsince abin da ya faɗi. Ɗan manomi kuma zai ce: mu da tsuntsu ai gaba muke, shi ke cinye mana gero. Gaskiyarka. Amma mai cinye gero jan baki ne, wanda ke zuwa dubbai-dubbai daga dazuzzukan bakin ruwa, kuma magarya ɗaya a cikin birni ba ta ƙara shi ba ta rage shi. Waɗanda muke magana a kansu, su sha-kauci da alhudahuda da cilakowa, ƙwari da fara suke ci. Kauci kuma, in ya yi yawa yana raunana itace: ka bar ɗaya ko biyu, ka sare sauran.

Na dawo ga wanda ya ce ana fama da tsadar hatsi. Itacen da ke ciyar da tsuntsu, shi ne dai ke ba ka magarya da aduwa da ganyen miya, da kirin da za ka ba tunkiyar layya, da inuwar da ke sauke zafin ɗaki ranar da wuta ta ɗauke, kuma ba ya cin kuɗin ruwa. Ƙudan zuman da ya sha furensa shi ne zai je lambun maƙwabcinka ya sa kabewa da kankana su yi ƴaƴa. Malamanmu ma suna tuna mana cewa abin da tsuntsu ya ci a itacen da ka dasa, lada ne gare ka.

Akwai kuma abin da ya fi ciki. Ku dubi taswirar ƙasar nan: Magarya gari ne, Bagaruwa gari ne, Gulbin Kaba kwari ne guda. Da sunan itatuwa aka raɗa musu suna. Kakanninmu shamuwa suke jira, in ta sauka a kan kukar gari su san ruwa ya kusa, su fara gyaran iri. Yau a Yamai akwai yaron da ya san kolibri a salula, bai san aduwa a tsaye ba, sai a faranti a ƙofar lekol. Ba laifinsa ba ne. Mu ne ba mu bar masa ko ɗaya a unguwa ba.

Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace a ƙasar nan. Kowace shekara ana dasawa, a ɗauki hoto, a watse, akuya ta zo ta gama aikin. Bana ina roƙonku abu uku. Wannan makon, kowa ya sami tsoho ɗaya a danginsu ya rubuta sunayen itatuwa goma da ke garinsu da, da amfanin kowanne. Gobe da safe bayan asuba, ka zauna a tsakar gidanku minti goma sha biyar ka ƙirga irin tsuntsayen da ka gani, ka rubuta da kwanan wata, ka ajiye. Sannan ka shuka iri uku na ƙasa cikin leda, ka dasa ɗaya a gida, ɗaya a ƙofar gida, ɗaya ka ba maƙwabci, kuma ka yi musu kariya kafin ka ɗauki hoto. Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, kowa ya zo da takardarsa mu sake ƙirgawa.

Wanda yake da irin magarya ko dirga ko aduwa a gida, ya kawo mana zama na gaba a raba.